Shanu Biyu, Tsibi Ashirin da Tara

Shanu biyu na yanka a gindin mangwaron da ke bayan layin dogo a Kafanchan, da safiyar jajibirin Kirsimeti. Shanu biyu tsibin nama ashirin da huɗu ke nan. Mutanen da na yi wa alkawari kuwa suna tafe da robobinsu su kwashi tsibi ashirin da tara. Tsibi biyar babu su a gindin mangwaro, babu su a kasuwar shanu, babu su ko'ina a duniya sai a bakina. Masu saye biyar suka rage mini a shekarar, ɗaya daga cikinsu uwar matata ce. Sunan da na yi shekara goma sha tara ina tarawa a watanda yana shimfiɗe a kan fallen kwano tare da hanta da tumbi, ƙudaje suna bi.

Ina ba ku labarin nan ne saboda ku samarin yanzu da kuke buɗe guruf a waya, ku sa hoton saniya, ku rubuta "watanda ta samu", kuna ganin an gama. Kun ɗauka aikin wuƙa ne. Wuƙa kowa ya iya riƙe ta. Ni Ayuba ban taɓa yanke yatsa ba, amma sulusi ya kusa yanke mini sana'a.

Ga wanda bai sani ba, watanda ita ce mutanen da ba za su iya sayen saniya su kaɗai ba su haɗu a saniya ɗaya, a yanka, a raba. Ni ne mai sayo saniyar, mai tara mutanen, mai shan zagi in ƙashi ya yi wa wani yawa. Ladana kai da ƙafafu da fata, haka al'adar take, sai ɗan abin da ya hau kan farashi.

Saniyar farko da na taɓa sa wa hannu ta Malam Sani ce, mahauci a kasuwar Kafanchan. Ina da shekara ashirin da shida lokacin, bayana ya gaji da lodin buhunan citta, na je na ce ya koya mini. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo mini dutsen wasa wuƙa. Wata biyu ina wasa wuƙaƙe ina wanke hanji. Kayan aikin ba su da yawa: barho na fiɗa, ƙaramar wuƙa ta ɓare tsoka, gatari da gungumen sara ƙashi, igiya, fallen kwano biyu, ganyen ayaba a shimfiɗa a kai, da sikeli mai ƙugiya. Har yau su ne kayana, har yau kuma Malam Sani ne yake yi mini yanka, don maƙwabtanmu Musulmi su ci in an kai musu.

Abin da ya koya mini na gaske ba a riƙe shi a hannu. Kowace saniya tsibi goma sha biyu yake kasa ta, kowane tsibi da tsokarsa, da ƙashinsa, da kitsensa, da yankin hanta, da tumbi da hanji. Na ce, "Maigida, me ya sa ba goma ba? Goma ta fi sauƙin ƙirga."

Ya ce, "Raba mini goma gida uku."

Na ƙirga da yatsu, ɗaya ta yi saura.

"Raba ta gida huɗu."

Na sake ƙirgawa, biyu suka yi saura.

Ya ce, "Sha biyu ba ta faɗa da kowa. Mai rabi ya ɗauki shida. Mai kwata uku. Mai sulusi, wato ɗaya cikin uku, huɗu. Duk abin da mutum ya faɗa maka da baki, rabi ne, kwata ce, mayar da shi tsibi kafin ka ce to. Kada ka haɗa kwata da sulusi kai tsaye, ba girmansu ɗaya ba. Mayar da su tsibi tukuna, sannan ka tara." Yakan zuba ƙwayar masara goma sha biyu a aljihu saboda kowace saniya. Duk tsibin da aka kama sai ya cire ƙwaya ɗaya. Masara ta ƙare, saniya ta ƙare, ko Sarkin Fawa ne ya zo sai dai ya jira wata.

Da na tsaya da ƙafata na yi shekaru ina bin wannan hanya. Kasuwa ta buɗe. Akwai Kirsimetin da na yanka shanu goma sha ɗaya. Manoman citta daga Kagoro da Kwoi suna zuwa da kuɗi a cikin safa, ba mai tambayar tsibi ɗaya. A nan garin kwata "ƙafa" ake ce mata, ba wai ƙafar kanta ba, tsibi uku ake nufi. Wannan ya ce ƙafa ɗaya, wancan ya ce ƙafa biyu. Sai na ga masara ɗari da talatin da biyu a aljihu wahala ce, kaji ma suna bina. Na koma murafun kwalba: huɗu kowace saniya, ƙafa ɗaya murfi ɗaya, daga aljihun dama zuwa na hagu. Shekara da shekaru bai taɓa ba ni kunya ba. Har na riƙa yi wa Malam Sani dariya, ina ce masa manomin aljihu.

Sai shekarar da ciwo ya shiga citta ta ruɓe a ƙasa. Wanda ya saba fitar da buhu hamsin ya tona gonarsa ya samu wari. Kuɗi ya ɓace daga Kudancin Kaduna kamar an share, farashin shanu kuma ya hau. Masu ƙafa biyu suka koma kaza. Da ƙyar na tara mutanen shanu biyu, na zuba murafu takwas a aljihu.

Ga yadda suka zo, ba rana ɗaya ba, ba wuri ɗaya ba. Mama Chidi ce ta fara, jikar wani direban jirgin ƙasa da ya zo daga Gabas ya zauna, Hausarta ta fi tawa. Ta tara gidaje tara na mutanensu, ta ce ƙafa uku. Murafu uku suka koma hagu. Bayan sati, ina kan acaɓa a tasha, Ɗanjuma shugaban direbobi ya ɗaga murya: "Ayuba! Bana ba mu iya saniya guda ba, ka ajiye mana biyu cikin uku!" Na ji "biyu", hannuna ya tura murafu biyu. Ranar Lahadi a bakin coci Baba Bulus, tsohon hedimasta, ya ce ɗaya cikin uku. Murfi ɗaya. A wajen wata jana'iza shugabar mawaƙan cocinmu ta ce su ma ɗaya cikin uku. Murfi ɗaya. Na ƙarshe na surukata ne, Mama Kande ta Fadan Kaje. Ita duk shekara ƙafa ɗaya take karɓa, ta aiko mana da acca da doya da nasihar da ba mu roƙa ba. Murfi na takwas ya tafi. Aljihun dama ya zama wayam, na ce Allah na gode, komai ya yi daidai.

Tsibin gidana ko murfi ban ware masa ba. A shekarun shanu goma kullum akan samu wanda ya fasa, tsibinmu ya fito da kansa. Saratu matata ta tambaya, na ce ta sayi tumatir kawai.

Ku lura, duk shekarun murfin nan ba wanda ya taɓa ce mini sulusi. Talaucin shekarar ne ya sa mutane suka fara raba saniya gida uku, ni kuma hannuna ya saba da ƙafa, kaina ya tafi hutu.

Ranar jajibiri rana tana fitowa muka kayar da shanun. Kafin ƙarfe tara Malam Sani ya kasa tsibi ashirin da huɗu a kan ganyen ayaba, layi biyu, gwanin kyau. Baba Bulus ya riga kowa zuwa, ya zauna a benci da sandarsa yana kallon kowane tsibi kamar yana duba farcen 'yan aji uku. Sai ga Ɗanjuma da buhuna.

Malam Sani ya ce, "Naku nawa?"

"Biyu cikin uku."

Malam Sani ya fara ja: ɗaya, biyu, har ya wuce shida. Na riƙe masa hannu. "Maigida, shida ne. Ƙafa biyu."

Ya ɗago ya dube ni irin kallon da ya yi mini ranar da ya ba ni dutsen wasa wuƙa. "Ayuba, sulusin sha biyu nawa ne?"

"Huɗu."

"Sulusi biyu fa?"

Bakina ya ce takwas.

Baba Bulus ya miƙe. Shekara goma da yin ritaya bai samu ɗalibi ba, sai ga shi Allah ya kawo masa ɗaya mai furfura. Ya tsinci gawayi inda muke babbake ƙafafu, ya nufi bangon gidan mutane. "Faɗi mini duka, Ayuba. Kada ka ɓoye ko ɗaya."

Na faɗa, yana rubutawa. Ya fara da masu kwata: uku bisa huɗu na Mama Chidi, ɗaya bisa huɗu na surukata. "Na ƙasa iri ɗaya ne, sai a tara na sama. Huɗu bisa huɗu. Saniya guda cif. Nan ba ka yi zunubi ba." Ya koma kan masu sulusi: biyu bisa uku, ɗaya bisa uku, ɗaya bisa uku. Ya rubuta huɗu bisa uku, ya ja layi a ƙarƙashi har gawayin ya karye.

"Ɗanjuma, saniya sulusi nawa gare ta?"

"Uku, Baba."

"Mutumin nan ya sayar da huɗu."

Ɗanjuma ya ajiye buhu ya riƙe ciki. "Ayuba, ka fi mu! Mu mutum huɗu muke cusawa a kujerar mutum uku, amma ko mu ba mu taɓa gwadawa da saniya ba!"

Baba Bulus bai yi dariya ba, aiki yake. "Duk inda ka ga na sama ya fi na ƙasa, ƙaton kai ne a kan ƙaramin jiki, akwai guda cikakke ɓoye a ciki. Uku ta shiga huɗu sau ɗaya, saura ɗaya. Saniya ɗaya da sulusi. Akwai wani kuma?"

Na ce a hankali, "Tsibin gida."

"Ɗaya bisa sha biyu. To, a mayar da kowa tsibi." Ya jera su: tara, uku, takwas, huɗu, huɗu, ɗaya. "Ashirin da tara bisa sha biyu. Sha biyu ta shiga ashirin da tara sau nawa?"

"Sau biyu."

"Saura?"

"Biyar."

"Shanu biyu da biyar bisa sha biyu na saniya ta uku. Ina take? Ko tana bayan mangwaro tana kiwo?"

Malam Sani yana goge barho a cinyarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Gaishe da murafun kwalba."

Zan gaya muku gaskiya, don ba fasto ba ne ni. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne a rushe tsibin a sake kasa su ashirin da tara. A ɗebi yanka biyu nan, ƙashi ɗaya can, kowa ya tafi da lambar da ya tambaya, ba wanda zai rasa tsibi sai dai tsibin ya rame. Masu watanda da yawa haka suke yi, wasunsu suna zama a layin gaba ranar Lahadi. Na matsa kusa da Malam Sani na raɗa masa. Ya ce, "Ni sha biyu na iya. In kana son ashirin da tara, ga nama ga hannunka."

Ina cikin auna maganar sai ga Mama Chidi ta sauko daga keke, mata biyu a bayanta da robobi, a hannunta kuma sikelinta. Matar nan ko gishiri ta saya sai ta auna. Ta san nauyin tsibina na bara da na bara waccan. Ga kuma Ɗanjuma, wanda kafin azahar motocinsa za su kai labari Zonkwa da Kagoro da Kwoi kyauta. Ga lissafina a bango da gawayi, manyan baƙaƙe, kowa na karantawa. Ina son in ce tsoron Allah ne ya hana ni. Akwai shi a ciki, amma in za a kasa dalilin tsibi-tsibi, sikelin Mama Chidi ya ɗauki kwata uku.

Na tara su na faɗi abin da ya faru. Na ce tsibi biyar babu, laifina ne, tsibi ba zai rame ba, wanda zai iya ragewa ya taimake ni.

Mama Chidi ta ce, "Ɗan'uwana, gidaje tara, tsibi tara. Wanne zan je in ce wa Yesu bai zo gidansu bana ba?" Ta rataye sikeli a reshen mangwaro ta fara awo.

Ɗanjuma ya ce shi in ya koma tasha da bakwai, shi za a kasa. Shugabar mawaƙa ta ce wata guda suna koyon waƙa da yunwa, in ba nama ba murya, in kuma ba murya ni zan yi wa ikilisiya bayani.

Na soke tsibin gidana. Saura huɗu.

Baba Bulus ya gyara tabarau. "Zan bar maka tsibi ɗaya, saboda ka amsa tambayoyina daidai a ƙarshe." Na fara godiya. Ya ɗaga sanda. "Ka ba ni kai da ƙafafu."

"Na saniya ɗaya, Baba?"

"Na shanu biyu. Kuɗin makaranta ya tashi."

Kawuna biyu da ƙafafu takwas a kan tsibi ɗaya. Ladan aikina ke nan gaba ɗaya, ya san haka sarai. Na ce to. Saura uku.

Uku daidai ƙafar surukata, ita kaɗai ce kuma ba ta iso ba, don Fadan Kaje da nisa. A sana'ar nan akwai wanda in ka ɓata masa ya tafi ke nan, akwai wanda in ka ɓata masa yana nan tare da kai har kabari. Na zaɓi na biyun. Kafin sha ɗaya kowa ya kwashe nasa cikakke, fallen kwano ya rage ganye da ƙudaje.

Sai ga acaɓa. Mama Kande ta sauko da ƙatuwar roba a kai, ta sha ɗaurin zanen zumuntar matan coci. Na durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Yaya hanya?"

Ta dubi kwano, ta dubi bango, ta dubi ni. "Mijin Saratu, ina nama?"

"Mama, an samu kuskuren lissafi."

"Lissafi ne ya ci nama?"

Baba Bulus, da kawunan shanuna a gabansa, ya ce bari ya yi mata bayani, ya nuna bango da sanda: wannan huɗu bisa uku ne. Ta ce, "Malam, ni ban yi makaranta ba, amma tun da aka haife ni saniya ƙafa huɗu gare ta. Biyu, takwas. Ɗaya tawa ce. Wa ya tafi da ita?"

Na ce, "Mama, akwai awaki a gida."

Ta kife robar a kaina, ba da ƙarfi ba, don dai mutane su gani. Sannan ta hau acaɓa ta ce a kai ta gidan 'yarta.

Awaki biyar gare ni lokacin. Ina zaton bunsuru za ta ɗauka, don namansa ya kusa tsibi uku in an yi masa adalci. Ta ɗauke shi, ta ce wannan na baƙinta ne na gobe. Ta sake shiga garken, ta tattaɓa cikin sauran, ta ware biyu masu ciki.

"Mama, waɗannan fa?"

"Ɗaya na kunyar da na sha a gaban mutane. Ɗaya na kuɗin acaɓa."

Na dubi Saratu ko za ta sa baki. Saratu tana riƙe da kwandon tumatir ɗin da na ce ta saya. Ita ta nemo wa uwarta igiya.

Shinkafar Kirsimetinmu da busasshen kifi muka ci ta. Ana sujada a coci mawaƙa suna rera waƙa da murya mai maiƙo, ni na san daga ina maiƙon ya fito.

Washegarin Kirsimeti na zubar da murafun, na auno masara. Yanzu duk wanda ya kira ni ya ce sulusi, sai in ce, "Tsibi huɗu ke nan, ka ji?" Ya ce kwata uku, in ce tara. Sai ya amsa da bakinsa, in cire ƙwayoyin, sannan in ce to. Ƙwayar farko da nake cirewa kowace shekara ta Saratu ce. In kuna son ku yi ta a waya, ku yi, amma wayar ba za ta gaya muku biyun direba ta fi biyun mai ƙafa girma ba.

Ga yadda aka tashi. Na rasa tsibin gida ɗaya, kawuna biyu, ƙafafu takwas, bunsuru ɗaya, awaki biyu da abin da ke cikinsu. Fatu biyu suka rage mini. Masu saye biyar ɗin nan kuwa ba wanda ya tafi. Da shekara ta zagayo Mama Chidi ta kawo mini wasu gidaje goma sha biyu, ta ce musu ga mutumin da ya gwammace surukarsa ta kife masa roba da ya rage tsibi. Direbobi suna kirana Huɗu-bisa-uku har yau, amma saniya guda suke kamawa. Kirsimetin da ya wuce shanu bakwai na yanka.

Awakin nan biyu kuwa suna Fadan Kaje suna ta haihuwa, tagwaye bisa tagwaye. Da muka je gaisuwa kwanan baya na ƙirga goma sha biyar. Na yi kuskuren faɗa wa Baba Bulus. Ya tambayi Malam Sani awaki nawa ke sayen matsakaiciyar saniya, ya ce a ƙaddara goma. Tsohon ya nemi gawayi ya rubuta goma sha biyar bisa goma a bangon nan dai, ƙarƙashin tsohon lissafin da masu gidan suka ƙi gogewa. Goma ta shiga sau ɗaya, saura biyar. Ƙafa ɗayar da na hana Mama Kande ta zama saniya ɗaya da rabi, uku daga cikin awakin kuma suna da ciki. Ƙafarta ta kowace shekara ma tana nan tana karɓa, ita ce kuma take fara isowa gindin mangwaro, tun kafin a kayar da saniya.